Ƙa'idojin Rubutu a Kan Jadawali: Matsalar Gyaran Sunayen Ginshiƙai a Bayanan Kudancin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ajin ƙa'idojin rubutun Hausa ya san cewa galibin misalan da ake kawowa daga littattafai da jaridu da allunan shaguna ake ɗebo su. Ba safai ake waiwayar jadawali ba, watau takardar nan mai layuka a kwance da layuka a tsaye wadda malaman gona da na lafiya da na ƙidaya suke zuba alƙaluma a cikinta. Alhali kuwa a saman kowane layi na tsaye, wanda a wannan maƙala za a kira ginshiƙi, akwai suna, kuma sunan nan kalma ce ta harshe wadda take da ƙa'idar rubutu kamar kowace kalma. Idan aka rubuta "ƙauye" a saman ginshiƙi, to duk abin da yake ƙarƙashinsa sunayen ƙauyuka ne. Idan sunan ya gurɓata, alƙaluman da suke ƙarƙashinsa sun zama marayu, ba a san na wane ne ba.

A yau masu nazarin alƙaluma ba da hannu suke lissafi ba. Suna rubuta wa kwamfuta umarni ne da harsunanta, musamman R da Python, sa'an nan ita ta tace ta ƙirga. Aiki na farko da akan yi kafin a taɓa lissafi shi ne gyaran sunayen ginshiƙai, domin su zama a sigar da kwamfuta za ta iya kira ba tare da tuntuɓe ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake wannan gyara, ta kuma nuna cewa kayan aikin da aka tanada dominsa ba da Hausa aka auna su ba, har takan kai garin neman gira a rasa ido. Za a ɗauki misalai daga ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Dalilin Gyaran

A ɗauka cewa wani ɗalibi yana bincike a kan noman masara da shinkafa da sana'o'in rani a waɗannan ƙananan hukumomi, ya kuwa tura mataimaka huɗu, kowanne ga ƙaramar hukuma guda, su cike masa jadawali a manhajar Excel. Idan fayilolin suka dawo, da wuya a tarar da su bai ɗaya. Wani zai rubuta "Sunan Ƙauye", wani "sunan kauye", wani "S/Kauye", na huɗu kuma ya rubuta daidai amma ya bar tazara a ƙarshen kalmar, wadda ido ba ya gani. A wurin mutum duk abu ɗaya ake nufi. A wurin kwamfuta kuwa sunaye huɗu ne mabambanta, domin ita ba ma'ana take dubawa ba, lambar kowane harafi take gwadawa ɗaya bayan ɗaya, kuma babban baƙi da ƙarami lambobinsu daban, ita tazarar ma tana da tata lamba. Saboda haka idan aka umarce ta ta haɗa fayilolin nan huɗu, maimakon ginshiƙi ɗaya cikakke sai ta fito da huɗu, kowanne kashi uku cikin huɗu nasa wayam.

Har ila yau akwai alamomin da harsunan kwamfuta suka keɓe wa wani aiki. Karan ɗori a wurinsu alamar ɗebewa ce, sanda jirge alamar rabawa ce, tazara kuwa tana nuna an gama wata kalma an shiga wata. Sunan da yake ɗauke da irin waɗannan ba ya kiruwa kai tsaye. Shi ya sa R, idan ta karanta fayil ta hanyarta ta asali, takan sauya su da ɗigo da kanta: "Tudun Wada" ya koma Tudun.Wada, sunan mazaɓar tarayya ta "Kiru/Bebeji" ya koma Kiru.Bebeji, ginshiƙin da aka sa wa shekara kawai, kamar 2006, ya koma X2006, domin suna ba ya farawa da lamba a wurinta.

Don kauce wa wannan ne masu sana'ar suka saba da wata siga: a mayar da komai ƙananan baƙaƙe, a cire alamomi, a sa ɗan karan ƙasa a gurbin tazara. Ta haka "Sunan Gari" zai zama sunan_gari. A R akwai wani ƙunshin umarni mai suna janitor, wanda Sam Firke ya fitar a 2016, a cikinsa kuma akwai umarnin clean_names da yake yin wannan aiki duka a layi guda. A Python kuwa, inda ake amfani da pandas, ƙunshin da Wes McKinney ya fara a 2008, galibi mutum ne yake harhaɗa matakan da kansa. Ga jadawalin Turanci wannan gyara ba shi da wata illa da za a ambata, kuma lalle ya rage wa jama'a wahala ƙwarai.

Inda Gizo Yake Saƙar

Tushen matsalar Hausa tsoho ne, ya girmi kwamfuta. Tun da Hans Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun boko a 1912 ake ta kai-kawo a kan yadda za a rubuta sautukan nan da Turanci ba shi da su. An gwada ɗigo a ƙarƙashin baƙi, an gwada waƙafin sama a gefensa, kafin a tsaya a kan baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake shugabantar hukumar talifi a Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta taimaka wajen zaunar da su a idon masu karatu. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 duk sun sake duba ƙa'idojin, amma ƙugiyar ta tsira. Abin da bai tsira ba shi ne samunta a kan na'ura. Yawancin kekunan rubutu na ofisoshi ba su da ita, sai dai mai buga takarda ya bi da alƙalami yana lanƙwasa kawunan baƙaƙen, in ya tuna.

Kwamfuta ta gaji wannan gibi. Tsarin haruffa na ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 kaɗai gare shi, kuma babu ko ɗaya na baƙi mai ƙugiya. Da tsarin Unicode ya zo a 1991, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sun sami lambobinsu a cikinsa, manya da ƙanana. Amma al'adar "tsabtace" suna ta ci gaba da nufin mayar da shi cikin haruffan ASCII, kuma a nan ne Hausa take yin asara ta hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce ta clean_names. A tsarinsa na yau da kullum yakan musanya duk harafin da ba na ASCII ba da mafi kusa da shi a kama, ya kuma share waƙafin sama. Ke nan ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b. Ga Bafaranshe wannan ƙaramin rashi ne, domin kalmar da aka cire wa tsinin kan wasali galibi tana ganuwa. Ga Bahaushe kuwa ƙ da k ba ado ne ya raba su ba, sautuka biyu ne masu bambanta ma'ana, kamar yadda kowane ɗalibin ilmin tsarin sauti ya sani daga tagwayen kalmomi irin su ƙaya da kaya, ƙara da kara, saƙa da saka, ɗauri da dauri.

A koma ga ɗalibin nan mai bincike. A cikin jadawalinsa akwai ginshiƙin "ƙira", inda ake rubuta ko magidanci yana sana'ar ƙira da rani, akwai kuma ginshiƙin "kira", inda mataimaki yake rubuta sau nawa ya kira mutumin a waya kafin ya same shi. Bayan gyara dukansu biyu sun zama kira. Da yake ba a yarda ginshiƙai biyu su yi tarayya a suna ba, sai umarnin ya bar wanda ya fara cin karo da shi a matsayin kira, ya raɗa wa na biyu kira_2. Ba ya yin gargaɗi, domin a ganinsa ya warware matsala ne. To, abin lura a nan shi ne jerin ginshiƙan ne kaɗai ya yanke wannan hukunci. Idan mataimakin Ƙiru ya sa "ƙira" a gaba, na Doguwa kuma ya sa "kira" a gaba, to kira_2 a fayil ɗin Ƙiru yawan kiran waya ne, a na Doguwa kuwa sana'ar ƙira ce. Da an haɗa fayilolin, lambar 1 da take nufin "an kira shi sau ɗaya" ta shiga ginshiƙin maƙera ta zama "e, maƙeri ne". Rahoto zai fito da cewa maƙera sun cika Doguwa, babu kuma wani jan rubutu da zai bayyana a allon kwamfuta ya nuna an yi kuskure. Kuskuren da yake tsayar da aiki mai sauƙi ne, domin dole a neme shi. Wanda yake barin aiki ya ci gaba shi ne abin tsoro.

Haka zancen yake ga waƙafin sama. Ginshiƙin "'ya'ya", wanda kusan babu binciken gidaje da ba shi da shi, yakan koma yaya, kalmar da mai karatu zai iya ɗauka ta ɗan'uwa babba ce ko ta tambaya. Rubuta shi da ƴ, kamar yadda ake yi a Jamhuriyar Nijar, bai fitar da shi ba, domin ita ma y take komawa.

Hanya ta biyu ta fi muni, kuma a Python aka fi cin karo da ita. Akwai wata dabara da ta yaɗu tsakanin masu koyo: a umarci kwamfuta ta warware kowane harafi gida biyu, gangar jikinsa da alamar da take kansa, sa'an nan ta zubar da duk abin da ba ASCII ba. Ga é ta Faransanci dabarar tana aiki sarai, domin Unicode ya amince cewa e ce da tsini a kanta. A zubar da tsinin, e ta rage. Amma Unicode bai ɗauki ƙ a matsayin k mai ɗauke da alama ba. Harafi ne guda mai zaman kansa, ba ya warwaruwa. Saboda haka dabarar takan zubar da shi ɗungurungum. "Ƙauye" ya koma auye, "ɗaki" ya koma aki, "kuɗin taki" ya koma kuin_taki. Abin mamaki shi ne ta wata fuska Unicode ya fi masu dabarar fahimtar Hausa, tun da ya ba ƙ matsayin da masana harshen suka ba ta, watau na baƙi cikakke.

Akwai kuma wasu tarkuna biyu da suke jiran Hausa tun kafin a kai ga rubuta umarni. Na ɗaya, Excel tana ɗaukar waƙafin sama da ya zo a farkon gurbi a matsayin alamar cewa abin da zai biyo baya rubutu ne ba lamba ba, don haka takan ɓoye shi. Wanda ya buga 'ya'ya zai ga ya'ya, wanda ya buga 'Yaryasa, ɗaya daga mazaɓun Tudun Wada, zai ga Yaryasa. Shi kansa waƙafin ba iri ɗaya ba ne: akwai miƙaƙƙe da ake samu a kan allon bugu, akwai lanƙwasasshe da manhajar Word take musanya shi da shi ba tare da ta tambaya ba, kuma lambobinsu daban. Nata'ala da aka buga a Excel da Nata'ala da aka kwafo daga Word na iya zama garuruwa biyu a wurin kwamfuta. Na biyu, idan aka adana fayil a tsarin UTF-8, aka kuma buɗe shi da tsohon tsarin haruffa na Windows, kowane baƙi mai ƙugiya yakan tsage gida biyu ya fito da wasu alamomi: ƙauye ya bayyana a matsayin Æ™auye. Wanda bai san dalili ba sai ya zaci fayil ɗin ne ya lalace, ya share alamomin da hannu, ya ƙarasa ɓarnar.

Ba za a wuce nan ba sai an ambaci wani abu, ko da yake ya shafi cikin gurbi ne ba sunan ginshiƙi ba. Pandas tana da jerin kalmomin da take ɗauka suna nufin "babu amsa", a cikinsu kuwa akwai nan, wadda a wurinta taƙaitawa ce ta wani jawabin Turanci mai nufin abin ba lamba ba ne. Idan aka tambayi manomi a Ɗangora inda aka haife shi ya ce "nan", mataimaki kuma ya rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe, pandas za ta karanta gurbin a matsayin wayam. Duk 'yan asalin gari sai su ɓace daga lissafi, baƙi kaɗai su rage.

Ba Hausa kaɗai ce irin wannan ta taɓa sama ba. Masana ƙwayoyin halittar gado sun daɗe suna fama da Excel tana mayar da sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 kwanan wata. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba masu ɗauke da jerin sunayen a Excel, har ta kai a 2020 kwamitin da yake raɗa sunayen ya sauya wasu daga cikinsu. Su sun iya sauya sunayensu domin su suka ƙirƙire su. Bahaushe ba zai sauya sunan ƙira ko na 'ya'ya don a faranta wa manhaja ba.

Suna Biyu ga Kowane Ginshiƙi

Za a iya cewa mafita ita ce a bar ƙugiyar a sunan ginshiƙi kawai, tun da R da Python ta uku, wadda ta fito a 2008, duk suna karɓar haruffan Unicode a cikin sunaye. Wannan gaskiya ne, kuma inda mutum shi kaɗai yake aiki a kwamfutarsa babu laifi. Amma fayil matafiyi ne. Zai bi ta hannun mai duba aiki, da mai zana taswira, da wani wanda allon bugunsa ba shi da ƙ balle ya kira sunan. A kowace zango akwai haɗarin da aka bayyana a sama.

Wasu kuma sukan nemi wani harafi ya tsaya a madadin mai ƙugiya. Matasa a kafofin sada zumunta suna rubuta q a gurbin ƙ, kuma dabara ce mai ma'ana tun da q ba ta cikin abacadan Hausa, sai dai ba ta da takwara ga ɗ da ɓ. Ninka baƙi, a rubuta kk ko dd, ba zai yiwu ba, domin Hausa tana da nata ninkin, kamar a dukka da hadda. Amfani da babban baƙi a tsakiyar kalma, a rubuta kuDi, yana rushewa da zarar an mayar da komai ƙananan baƙaƙe, wanda shi ne matakin farko na gyaran.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ba kowane ginshiƙi suna biyu, kamar yadda Bahaushe yake da sunan yanka da laƙabi. Na farko shi ne cikakken bayani da ingantacciyar Hausa, da ƙugiyarsa da waƙafinsa, wanda shi zai fito a rahoto da taswira. Na biyu sunan aiki ne, gajere, cikin haruffan ASCII, wanda ake kira a umarni. Wannan ba baƙon abu ba ne ga waɗanda suka yi aikin tattara bayanai da waya a ƙauyuka, domin manhajojin ODK da KoboToolbox haka suke tsara takardar tambayoyi: kowace tambaya tana da gajeren suna marar tazara, tana kuma da rubutun da mai tambaya zai gani, wanda ana iya sa shi da Hausa da Turanci gefe da gefe. Sharaɗin kawai shi ne mutum mai jin Hausa ya zaɓi sunan aikin da kansa, tun kafin a fita fili, kada a bar wa umarni ya samar da shi ta hanyar aske na farkon.

Zaɓen kuwa aikin harshe ne tsantsa. Mai zaɓe zai tambayi kansa: idan aka cire ƙugiya, wace kalma wannan za ta yi karo da ita? Inda akwai karo sai ya tsawaita sunan ko ya nemi kalma mai ma'ana ɗaya. Ƙira ta zama sanaar_kira, kira ya zama yawan_kiran_waya, 'ya'ya su zama yawan_yara. Wajibi ne ma ya wuce batun ƙugiya, domin daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu, saboda haka akwai kalmomin da ko an rubuta su daidai suna da fuska biyu. A cikin jimla muhalli yana warware su, amma sunan ginshiƙi kalma ce tilo a tsaye, ba ta da maƙwabta. Ginshiƙin "gari" a binciken kasuwar Kwanar Ɗangora, garin da mai saye ya fito ake nufi ko garin tuwo? Ginshiƙin "fari" a binciken masara, launin iri ne ko ƙarancin ruwan sama? A nan ɗafa-ƙeyar nasaba take yin amfani: garin_asali da garin_masara, farar_masara da karancin_ruwa.

Ya kamata kuma sunan ya ɗauki ma'auni da lokaci. Manomi yakan ba da amsa da buhu ko dami ko tiya, gona kuma wani ya faɗe ta da kadada wani da hekta. Ginshiƙin da aka kira masara kawai bai faɗi ko ɗaya ba. Kalmomi irin su bana da bara ba su dace da suna ba sam, domin ma'anarsu tana tafiya tare da mai magana: masara_bara da aka rubuta a 2023 amfanin 2022 take nufi, amma wanda ya buɗe fayil ɗin a 2025 zai karanta ta da tasa barar. Sai a rubuta masara_buhu_2022. Ko a nan ma da sauran rina a kaba, domin tsohon tsarin fayil ɗin taswira da ake kira shapefile, wanda har yanzu ana yawan amfani da shi, ba ya karɓar sunan da ya wuce haruffa 10. Masara_buhu_2022 da masara_buhu_2023 duk za a datse su su zama masara_buh, manhaja ta maƙala wa na biyu lamba, a koma gidan jiya. Wanda ya san bayanansa za su hau taswira sai ya sa abin da ya bambanta sunayen a gaba, ya rubuta m22_buhu da m23_buhu, ya kuma bayyana su a kundin ma'ana.

Kundin ma'anar nan ɗan jadawali ne daban, mai ɗauke da sunan aiki, da cikakken sunan Hausa, da ma'auni, da tambayar kamar yadda aka yi ta ga manomi. Umarnin gyara daga gare shi zai riƙa karanta sunaye, ta yadda duk ginshiƙin da ya zo da sunan da ba ya cikin kundin zai tsayar da aiki har sai mutum ya duba. Ainihin fayil ɗin da ya zo daga fili kuwa ba a taɓa shi. A kan kwafi ake gyara, kuma da rubutaccen umarni, domin a iya bin sawun abin da aka sauya.

Sunayen Garuruwa

Sau da yawa sunayen wurare su ma sukan hau saman jadawali su zama sunayen ginshiƙai, alal misali idan ana son a jera amfanin gona na kowace mazaɓa gefe da gefe. A nan duk matsalolin da aka ambata sukan haɗu, su kuma ƙaru da wata. Hedikwatar Doguwa, garin da ya yi suna da haƙar kuza, ana rubuta shi Riruwai, ana rubuta shi Ririwai, a tsofaffin rahotannin Turawa masu nazarin duwatsu kuma Liruei. Ƙiru da Ɗangora da Ɗansoshiya a takardun Turanci ba su da ƙugiya. Tudun Wada kuwa yana zuwa a haɗe, yana zuwa da karan ɗori, yana zuwa a taƙaice T/Wada kamar yadda ma'aikata suka saba. Babu umarnin gyara da zai gane cewa t_wada da tudun_wada wuri ɗaya ne, sai an faɗa masa.

Akasin haka ma yana faruwa, watau suna ɗaya wurare da yawa. Ban da ƙaramar hukumar Tudun Wada, akwai unguwannin Tudun Wada a Zariya da Kaduna da Gusau da Jos, da kuma cikin birnin Kano kansa. Sabon Gari mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Tudun Wada, amma ƙaramar hukuma ce sukutum a Jihar Kaduna. Ko a cikin ƙananan hukumomin nan huɗu, akwai mazaɓar Maraku a Ƙiru, akwai kuma Maraku a Doguwa, don haka jadawalin da ya jera mazaɓunsu zai fito da maraku da maraku_2, kuma jerin da aka bi ne kaɗai zai nuna wacce ce wacce. Idan jadawalin na rabon taki ne ko na allurar rigakafi, to kason wata al'umma ne zai koma sunan wata.

Maganin wannan shi ne kada a dogara da suna wajen haɗa bayanai, a dogara da lamba, sunan ya biyo baya a matsayin bayani. Hukumar zaɓe ta ƙasa tana da irin wannan tsari, inda kowace rumfar zaɓe take da lamba mai gaɓa huɗu: ta jiha, da ta ƙaramar hukuma, da ta mazaɓa, da ta rumfar kanta. Lambar Kano ita ce 19, ƙananan hukumominta 44 kuma kowacce da tata, haka mazaɓu 484. Mai bincike na iya aron gaɓoɓi uku na farko ya sa su a gaban sunan, ta yadda Maraku ta Ƙiru da ta Doguwa ba za su taɓa yin karo ba. Sai dai a kula a adana lambar a matsayin rubutu, a kuma sa mata harafi a gaba idan za ta zama sunan ginshiƙi, domin Excel takan ga 04 ta zubar da sifirin ta bar 4, R kuma ta ɗora mata X.